Ɗan Baƙo da Ƙofar Jami'a: Wa Zai Yi wa Iyayensa Bayani?

Shugabannin makarantu, malamai abokan aiki, iyaye maza da mata, da ƙannenmu ɗalibai da suka zo hutu daga Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan 'ya'yan baƙin da ke zaune cikinmu a Kankiya da Kusada, da yadda za su kai ga manyan makarantu. Baƙin nan kun san su. Akwai waɗanda tashin hankalin 'yan bindiga ya koro daga yankin Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, musamman bayan kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, abin da ya sa aka rufe makarantu, karatun yara da yawa ya tsinke. Akwai Fulanin da suka sauke kaya a gefen garuruwanmu, harshen gidansu Fulatanci. Akwai kuma 'yan'uwanmu daga Nijar. Mutumin Maraɗi Katsinanci yake yi kamar mu, ai tun farkon ƙarni na 19 da sarakunan Haɓe suka bar Katsina suka kafa Maraɗi jinin ɗaya ne. Amma ɗansa da Faransanci ya yi boko, kuma takardunsa duk da Faransanci aka rubuta su.

Abin da nake so mu tafi da shi yau ɗaya ne. Yawancin yaran nan ba a zauren jarrabawa suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne tun a gida, domin duk bayanin hanyar shiga jami'a yana zuwa da Turanci, ta waya da kwamfuta, alhali mai yanke shawara a gidan, uba ko kawu ko uwar da ke riƙe da marayu, ba ya jin wannan harshe, kuma ba wanda ya taɓa zama ya warware masa.

Bari mu bi hanyar sannu a hankali. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Yaro zai aika da lambar ta saƙon waya zuwa 55019, a turo masa wata lambar da zai sayi fom da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa ke nan a wurin hukumar. To uban da bai sani ba sai ya bar mai shagon kwamfuta ya sa layinsa, ko a ari na maƙwabci. Ranar da sakamako ya fito, ko aka ba yaro gurbi ana jiran ya amsa ta intanet cewa ya karɓa, saƙon yana aljihun wani. Guraben karatu suna salwanta a haka, ba don yaro ya kasa ba.

Sai maganar suna, kuma a nan nake roƙon malamai su kasa kunne. Yaron da aka yi wa takardar haihuwa a Tasawa ko Madarunfa, za ka ga an rubuta Aboubacar Ousmane. Ya zo nan, malamin aji ya rubuta Abubakar Usman a rajistar WAEC. Wurin yin NIN kuma aka ƙara masa sunan kaka, aka ƙago masa ranar haihuwa tun da uban ya ce "shekarar da aka yi fari" kawai. Mu a wajenmu mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani, kuma ba ta jin rantsuwa. Gyaran wannan yana cin kuɗi da watanni, ga zirga-zirga zuwa Katsina. Da wani ya zauna da takardun a kan tabarma tun yaron yana aji ɗaya na babbar sakandare, ya jera su, ya duba harafi bayan harafi, da aikin yini guda ne.

Shi ya sa nake cewa jagorar da ake farawa a watan sayar da fom ta makara. A aji huɗu na sakandare ake zaɓen darussa, kuma nan ne ake buɗe ƙofa ko a rufe ta. Ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya nan a cikin Kankiya, yarinya za ta iya zuwa daga gidan iyayenta ta dawo. Amma in ba ta ɗauki Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ba, tare da Turanci da Lissafi, ta gama sakandare ƙofar na rufe. Ku tuna kuma irin buƙatar da asibitocinmu ke da ita ta ma'aikaciyar da za ta tambayi Bafulatana mai naƙuda inda ke mata ciwo da harshenta. Wannan ita ce hujjar da ke shiga zuciyar uba a ruga, idan an faɗa masa da Fulatanci, a gaban arɗo, bayan an gaisa an tambayi lafiyar shanu. Takardar da aka liƙa a allon sanarwar makaranta ba za ta yi wannan aikin ba.

A Amurka an taɓa kai irin wannan magana har kotun ƙoli. A 1974, a shari'ar wasu yara 'yan asalin Sin da ke birnin San Faransisko, kotun ta ce ba yara littafi ɗaya da malami ɗaya bai zama adalci ba muddin wasu ba sa jin harshen da ake koyarwa da shi. Mu ba kotu muke buƙata ba, mutanen da za su yi aikin muna da su. Ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Alƙalam, da Kwalejin Isa Kaita, da Kwalejin Hassan Usman, jiya-jiya suka bi hanyar nan, sun san ramukanta. A cikinsu akwai mai jin Fulatanci, akwai wanda ya yi firamare a Maraɗi, akwai wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa. Kowanne ya ɗauki gida biyu ko uku ya riƙe har yaron ya shiga makaranta. 'Yan mata su shiga cikin gida wurin iyaye mata, domin sau da yawa akuyar da za a sayar a biya kuɗin fom ta uwa ce.

Kada kuma mai jagora ya je da tunanin cewa harshen yaron cikas ne da za a kawar. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400. Turanci dole ne, kuma shi ke da tambayoyi 60 cikin 180, saboda haka ba na rage masa nauyi, a dage a koya wa yaro shi tun da wuri. Amma a cikin sauran darussan da ake zaɓa akwai Faransanci, akwai Larabci, akwai Hausa, akwai Addinin Musulunci. Yaron da ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci ya shigo da makin da 'ya'yanmu ba su da shi. Wanda ya fito daga makarantar Larabci yana da jarrabawar hukumar NBAIS, wadda aka kafa tun zamanin Sardauna, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma jami'o'i na karɓar takardarta. Fulatanci kansa ana karanta shi a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola. Iyaye nawa ne a rugagen Kusada suka san haka?

Akwai inda dole mai jagora ya riƙe gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Kada a nema wa yaro takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta ƙarya, domin za ta bi shi har ranar neman aiki. Sau da yawa ma ba a buƙatar ƙaryar. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, haka wanda aka haifa a waje in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Da irin auratayyar da ke tsakaninmu da Maraɗi, gidaje da yawa sun shiga wannan. Wanda kuwa ya riga ya yi nisa a tsarin Nijar, har ya kusa jarrabawar Bak ta kammala sakandare, wataƙila alherinsa shi ne ya ƙarasa can ya shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi. A gaya wa uban haka kai tsaye.

Sai kuɗi, wanda shi ne tambayar farko a kowane zaure. Tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗalibai 'yan ƙasa na makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta. Dattijo da ya ji "bashi" zai girgiza kai, don riba yake tsoro, kuma yana da gaskiya. Sai an bayyana masa cewa babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. In da hali a tafi da limamin unguwa a yi bayanin tare.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne, kafin ƙarshen wannan zango kowane malamin aji ya rubuta harshen da ake yi a gidan kowane ɗalibi, da sunan wanda ke riƙe da shi. Makarantar da ke da kwamfuta ta buɗe ɗakin ranar Asabar, yaran su saba da danna amsa kafin ranar da agogo zai riƙa ƙirga musu awa biyu. Ɗaliban da suka amince su ɗauki gidaje, su tsaya bayan an tashi a rubuta sunayensu da harsunan da suke ji, a raba su unguwa-unguwa.