Dashen Ƙoda da Gardamar Garkuwar Jiki



Mutumin Gaya ko Ajingi wanda ƙodarsa ta gaza, hanyarsa guda ce: ya haye gadar Wudil ya shiga Kano, a dinga yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, har Allah ya sa wani ɗan'uwa ya ba shi tasa ɗaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma wannan dashe tun shekarar 2002. To, amma aikin fiɗa na yini ɗaya ne, ɗawainiyar da ke biye da shi kuwa sai ran da rai ya yi halinsa.

Dalili shi ne garkuwar jiki ba ta san kyauta ba. Duk naman da ba nata ba, baƙo ne abin kora. Dashen da Joseph Murray ya yi a Boston a 1954 ya ɗore ne saboda masu bayarwa da karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya. Sauran jama'a sai da magungunan danne garkuwa, irin su takrolimus, safe da yamma. Suna da tsada, suna buɗe wa cututtuka ƙofa, har ƙodar da suke tsaro sukan taɓa. Manomin da damina ta ƙi shi, ya kasa sayensu, yana iya asarar ƙodar ƙanensa.

A 1995 Shimon Sakaguchi, mutumin Japan, ya bayyana wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu tsawatar wa 'yan'uwansu ne, kamar dattijo a tsakiyar samari masu faɗa. Wannan bincike ya kai shi ga lambar Nobel a 2025. Dabarar da ake gwadawa ita ce a ɗebi waɗannan ƙwayoyi daga jinin majinyaci, a rene su makonni har su yawaita, a mayar masa bayan dashe.

Mujallar Lancet ta buga sakamakon wani gwaji na Turai da Amurka a 2020. Cikin mutum 38 da aka bai wa irin waɗannan ƙwayoyi da danginsu, 15 sun koma shan magani iri ɗaya tak, cututtuka masu kama su kuma sun ragu. Ba wanda aka raba da magani ɗungurungum, kuma 38 ba adadi ba ne da likita mai hankali zai kafa hukunci a kansa. Renon ƙwayoyin ma sai da ɗaki mai matuƙar tsabta da lantarkin da ba ya yankewa, ga shi kowane majinyaci nasa daban ake rena masa.