Ƙaro, Gam da Ƙarkon Alƙalamin Katako



Batun da za mu tattauna a kansa ƙarami ne a ido, wato irin gam ɗin da ya dace a liƙa alƙalamin katako da shi. Dalilin kawo shi gaban wannan taro kuwa shi ne, mu mazauna birni mu ne masu raba biro a wajen walima, bikin ritaya da tarukan ofis, kuma da yawansa daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Alhali akwai sana'ar fere jikin biro daga katako a kan ƙaramin inji mai juyawa, wadda ta daɗe da kafuwa a Amurka da Ingila, kuma ba ta fi ƙarfin matasanmu ba. Guntun itace mai tsawon kimanin santimita 13 da kaurin santimita 2 ya isa alƙalami guda. Ragowar maɗaci, kanya, ƙirya ko darbejiya da kafintoci da masassaƙa ke turawa murhu a Gwiwa da Roni da Kazaure ta wadatar, ba sai an kayar da bishiya ko ɗaya ba.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Ana raba guntun gida biyu, a huda kowanne da rami mai faɗin milimita 7, a zura siririn bututun tagulla a ciki a liƙe, sannan a ɗora bisa inji a yi ta ferewa har katakon da ya rage a kan bututun ya zama ɗan siriri ƙwarai. Cikin wannan bututu ake danna bakin biro da sauran ƙarafansa. Ke nan katakon riga ne kawai, bututun shi ne ƙashi, gam kuma shi ne abin da ya haɗa su. In ya saki, komai kyan fira an yi aikin banza.

Mu ba baƙi ba ne a sha'anin danƙo. Ƙaron da ake samu a jikin dakwara kakanninmu sun san shi tun kafin a yi tunanin fitar da shi waje, kuma a zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, gwamnatin Jigawa ta ba da ƙarfi wajen shuka shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa ƙaro ne ke riƙe baƙin tawada a kan allo da takarda, ya kuma ba ta sheƙi. To, amma mu tuna yadda ake wanke allo: ruwa kaɗan, rubutu ya tafi. Wannan narkewa a ruwa ita ce darajar ƙaro a wajen mai rubutu, ita ce kuma aibinsa a wajen mai fere alƙalami. Ga shi kuma ba ya kama ƙarfe. Son kayan gida bai kamata ya sa mu ɗora masa nauyin da ba nasa ba. A bar shi ga tawada, inda babu kamarsa.

Babban abokin hamayyar wannan sana'a a ƙasarmu shi ne yanayi. A tsakiyar hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta ninninka haka. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙofofin ɗakunanmu ke cijewa da damina su saki da rani. Tagulla kuwa ba ruwanta da laima. Saboda haka kowace shekara katakon na jan gam ɗin gaba da baya a kan bututun da ba ya motsi. Ku ƙara da zafin watan Afrilu, idan mai alƙalami ya manta shi a gaban mota a rana.

Wanda kowa zai fara miƙa wa hannu shi ne sufa gulu, domin yana ko'ina kuma yana da arha. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya ci karo da sinadarinsa a 1942, kamfanin Eastman Kodak ya fitar da shi kasuwa a 1958. Yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, kuma nan ne matsalarsa ta farko: bututu kan maƙale a rabin hanya, ba shiga ba fita. Ta biyu, mai ruwa-ruwan nan da ake sayarwa a kan teburan bakin titi ba ya cike giɓi, katako mai ƙishi yana shanye shi, sai a sami wuraren da babu gam sam tsakanin itace da ƙarfe. A irin wuraren ne katako ke tarwatsewa a kan inji, ko ya tsage bayan watanni a aljihun wanda aka ba kyauta. Ta uku, in ya bushe gautsi gare shi kamar kwalba. Yana da amfani wajen toshe ƙaramar tsaga da kuma shafe jikin alƙalami ya yi ƙyalli, amma a kiyaye ido da hanci, kuma kada ya haɗu da auduga, domin zafi yake yi har ya ƙona fata.

A ganinmu gam mai kwalba biyu, wanda ake kira ifokzi, shi ne na wannan aiki. Wanda aka fi sani da shi a nan shi ne Araldite, da kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a shekarun 1940. Ana gauraya ɓangarorin biyu daidai wa daida, yana da kauri, yana cike duk wani giɓi, yana kama ƙarfe da itace, kuma yana ba mai aiki lokacin da zai murza bututun ya zauna daidai. Iri biyu ne a kasuwa: mai kamawa cikin minti biyar da mai jinkiri wanda sai ya kwana. Matashi mai gaggawa zai so na farko, mu kuwa na biyun muke ba da shawara, domin ya fi jure zafi, kuma fira kanta tana ɗumama bututu. A liƙa da yamma, a fere washegari ko jibi. Gaggawa dai aikin da-na-sani ce.

Farin gam na kafintoci na haɗa katako da katako ne, ba ya riƙe tagulla. Gam ɗin dukawa da masu gyaran takalma yana zama kamar roba, bututu zai riƙa wasa a ciki. Akwai kuma wani mai kumfa da ke kumbura yayin bushewa. Yana riƙo, sai dai yakan turo bututun waje in ba a tare bakinsa ba.

Ko gam mafi tsada ba ya gyara sakaci. Dole katakon ya bushe sarai a inuwa kafin a huda shi. A goge bayan bututun da samfefa har sheƙinsa ya dusashe, domin gam ya sami abin kamawa. A kakkaɓe ƙurar cikin ramin. A toshe bakin bututun da ɗan kakin zuma don kada gam ya shiga ciki ya hana ƙarafan zama, kaki kuwa ba ya wuya a karkararmu.

Yanzu ga abin da ya rataya a wuyanmu mazauna birni. Bututu da ƙarafan biro da gam mai kyau ba a kasuwar ƙauye ake samunsu ba, ta hannunmu za su iso gida daga Kano ko Legas. Idan muka sayo mai arha don kuɗi su auka, yaron da ya liƙa shi ne zai sha kunya, kuma sunan Gwiwa ne a jikin kayan. A saya wurin dila sananne, a duba ranar lalacewa, a saya kaɗan-kaɗan, tunda zafi yana kashe sufa gulu tun yana cikin kwalbarsa. Muna kuma roƙon kwamitin da ke kula da sana'o'in matasa da kada a sayar da rukunin farko. A fere goma ko ashirin, rabi da ifokzi rabi da sufa gulu, a rubuta kwanan wata da irin itacen kowanne, a raba wa 'yan uwa a Legas mai laima da Kano mai ƙura su yi ta rubutu da su. Bayan sun ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, a dawo da su taron baɗi a baje a kan wannan tebur, kowa ya duba da idonsa kafin a karɓi odar kowa.