Uwar Kuɗi Da Riba A Lokacin Tsada

 Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Gaya da Ajingi, masu ƙuliƙuli da taliyar murji da fanke, waɗanda ke juya sana'arsu daga cikin gida.

Yau maganarmu a kan hauhawar farashi ce, wato kuɗinki na nan yadda suke a ƙirge, amma abin da za su sayo sai raguwa yake yi. To, ruwa ba ya tsami banza. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashen da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama. Yawancin alkamar da ake yi mana fulawa da ita daga waje take zuwa, shi ya sa buhu ya tashi a kasuwar Singa ta Kano. Ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga kusan naira 200 zuwa sama da 500. Motar da ke ɗauko kaya daga Kano ta biyo ta Wudil zuwa Gaya ai mai take sha, direba kuwa a kan kaya zai fanshe. Ga dala, wadda da ita ake sayo kayan waje, daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Ina ruwan mai ƙuliƙuli da duk wannan? Ga misali. A ce kin sayi gyaɗar naira 10,000, kin sayar da mai da ƙuli 12,000. Sai ki ce kin ci ribar 2,000, ki kai gudummawar biki. Ranar kasuwa kin aiki yaro, ya dawo ya ce gyaɗar nan yanzu 11,500 ce. Ashe ribarki 500 ce kacal, sauran uwar kuɗi kika taɓa. Haka jari ke zagwanyewa mace ba ta ankara ba.

Saboda haka, 'yar uwa, kada ki lissafa riba sai kin ji farashin yau daga bakin maigida ko ɗan aike. Ki fara ware kuɗin da za su maido miki da kwanon gyaɗarki cif, abin da ya ragu shi ne naki. In kuna adashe ku rage tsawonsa, domin mai ɗaukar ƙarshe ita tsada ke cuta. In kin ɗauka kuwa, kada ki ajiye a ƙarƙashin katifa, ki mai da su gyaɗa da kaka ko 'yar akuya. Bashi ma a riƙa sa masa rana.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kawo mana sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.