Kwabon Da Ya Buɗe Bakin Talaka: Tarihin Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

Batun wannan lacca shi ne tarihin wata jarida mai araha da ta fito a Zariya zamanin mulkin Turawa, watau Gaskiya Ta Fi Kwabo. Turawa suka kafa ta domin su riƙa yi wa talakawa magana, amma kafin a jima sai ga talakawa su ma suna mayar da jawabi ta cikinta. Labarin yadda haka ta auku ya cancanci kunnen duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi, gama shi ya fi kowa sanin zafin rashin labarin gida.

Tun 1932 akwai Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda ake bugawa da Turanci da Hausa da Larabci, amma jefi-jefi take fitowa, kuma yawanci sarakuna da ma'aikatan En'e ke ganinta. Talaka kuwa sai labarin kasuwa da na tasha, da abin da fatake suka ɗebo a hanya. Ana nan, cikin 1938, sai jita-jita ta game ƙasa, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila, wanda a lokacin yake neman a mayar wa ƙasarsa yankunan Afirka da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Farko. Hankalin sarakuna da na talakawa ya tashi ƙwarai. Har wa yau jaridun Ikko, musamman West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda ta fara fitowa a 1937, sun soma shiga hannun 'yan bokon Arewa. Gwamnati ta ga lalle tana bukatar bakin da zai yi magana da Hausa.

Aka ɗora aikin a kan Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Dokta Rupert East yake shugabanta. Shi kuwa ya nemi Malam Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malami a Makarantar Midil ta Katsina, wanda ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Cikin watan Janairu 1939 jaridar ta fito, Malam Abubakar Imam yana edita. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya ta koma bayan mako biyu-biyu, har ta zama ta mako-mako.

Sunanta ya faɗi kuɗinta, ya kuma yi alkawari: gaskiyar da ke ciki ta fi kwabon da aka biya. A kuɗin wancan zamani kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam, watau fam guda zai sayi jarida 240. Wannan araha ita ta fitar da jarida daga ofis ta kai ta zaure. Mutum ɗaya ya saya, yaron da ya yi elemantare ya karanta da ƙarfi, manya suna saurare suna tsoma baki. Ta haka wanda bai san baƙi ba shi ma ya sami rabonsa.

Bayan araha sai harshe. Edita ya rubuta Hausa kamar yadda ake faɗinta, da karin magana da raha, har aka laƙaba wa salon suna Gaskiyanci. Jaridar ta taimaka wajen zaunar da ƙa'idojin rubutun boko, da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke raba baƙi da baki. Waɗanda suka yi karatun allo ma ba a manta da su ba, domin an riƙa buga musu 'Yar Gaskiya da ajami.

Cikin Satumba 1939 yaƙi ya ɓarke. Aka kwashi dubban samarin Arewa aikin soja, waɗansu zuwa gabashin Afirka, waɗansu zuwa Bama. Jaridar ta riƙa kai musu labarin gida, ta kuma kawo wa iyaye labarin fagen fama. A nan aka gane amfaninta ga wanda ya yi nisa da garinsu, ko soja ne a dajin Bama, ko mai fataucin goro a Shagamu, ko dillalin shanu a Sabon Ibadan.

Amma filin wasiƙu shi ya fi kome sauya al'amura. Malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suka riƙa rubutowa, waɗansu da sunansu, waɗansu da sunan aro, suna kuka game da cin hanci, da halin waɗansu ma'aikatan En'e, da ƙarancin makarantu. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna cikin samarin da suka yi rubutu a cikinta. Abin da a da sai a raɗa shi cikin ɗaki, sai ga shi a takarda, ana karantawa daga Sakkwato har Yola.

Duk da haka kada a manta jaridar ta gwamnati ce, kuma akwai iyakar da ba ta tsallakewa. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Azikiwe. Da 'yan tawagar suka rubuta takardar neman mulkin kai, shi bai sa hannu ba, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba tukuna. Amma kuma shi ne ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana aibobin mulkin En'e. Tsakanin wuta biyu ke nan ya yi aikinsa, ga Turawa da sarakuna a gefe guda, ga samari masu ɗokin sauyi a ɗaya gefen.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada ta Zariya, a 1948 kuma ya fito da Nigerian Citizen da Turanci. Da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna cikin 1949, editan Gaskiya yana cikin shugabanninta na farko. 'Yan NEPU kuwa, waɗanda suka kafa jam'iyyarsu a Kano cikin 1950, sun ɗauki jaridar bakin gwamnati ce, suka karkata ga Daily Comet. Sai dai masu sukarta da masu yabonta duka a zaurenta suka saba da muhawara a rubuce. A 1951 Malam Abubakar Imam ya bar kujerar edita bayan shekara 12, kuma cikin shekarun 1950 aka sami jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano. Ya rasu a 1981.

To, jama'ar Agege da Idi-Araba, da na Anaca da Fatakwal, ga abin ɗauka. Mutanen wancan zamani ba su da 'yancin zaɓe, jaridar ma ba tasu ba ce, amma da kwabo guda da alƙalami suka sa mahukunta sauraro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda aka zalunta a kasuwa ko a unguwa ya rubuta kukansa da harshensa, a kuma koya wa yaran da aka haifa a Kurmi karanta Hausa. Allah ya ba da iko. Wassalam.