Sabon Shiga da Tsohon Hannu a Fagen Gudu

 

Da aka ce zan yi magana a kan gudun motsa jiki, na san wasu sun zo da niyyar jin dabarar rage tumbi, wasu kuma ta cin tsere. Ku yi mini afuwa, abin da na zaɓa ya fi waɗannan ƙanƙanta a ido. Ina so mu tsaya a kan ɗan lokacin nan da aka gama zagaye, ana share gumi, sai sabon shiga ya matso kusa da tsohon hannu ya ce, "Don Allah Malam, in ɗan tambaye ka mana." Amsar da zai samu a nan ita ke yanke ko za a sake ganin ƙeyarsa a filin.

Tambayoyin ba baƙi ba ne. Me ya sa nake haki tun ban yi minti biyu ba? Mene ne wannan abin da ke suka ta a gefen ciki? In na gaji na koma tafiya, na ɓata atisayen ke nan? Kambas ɗin da na saya a gwanjo zai yi? Wanda ya shekara goma yana gudu ya ji su har sun gundure shi, kuma gundurar nan takan fito ta fuskoki da yawa. Wani dariya zai yi ya ce ai ko yaro ya san wannan. Wani ba zai yi dariya ba, amma zai zubo maka bayanin bugun zuciya da agogon da ke auna shi da sunayen takalman da kuɗinsu ya fi albashinka, har ka rasa abin kamawa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai mayar da tambayarka tsani: ka tambaye shi ciwon gwiwarka, ya ɓuge da ba ka labarin yadda ya gama kilomita 42 a Legas da zazzaɓi a jikinsa.

Mu tuna wane ne mai tambayar a ƙasarmu. Sau da yawa magidanci ne mai shekara arba'in da ɗoriya, likita ya ce jininsa ya hau, ya daɗe yana shawara da kansa kafin ya sa gajeren wando ya fito inda yaran unguwa za su gan shi. Ko kuma mace ce da sai da ta sha magana a gida kafin ta iso filin. Kafin su buɗe baki sun riga sun biya kuɗin kunya mai yawa. Irin waɗannan ba sa gardama in an gwale su. Za su yi murmushi su ce, "To, madalla, na gode," shi ke nan ba za ka ƙara ganinsu ba. Shi kuwa gwanin bai ma san ya kori kowa ba.

Akwai kuma wanda ba zai daina zuwa ba, tambayar kawai zai daina, kuma wannan ya fi ba ni tsoro saboda yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu. Cikin 'yan makonni mutum zai ji hakin ya ragu. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure nama da ƙashi, irin agarar dunduniya, suna buƙatar watanni. To a tsakanin nan ne ɗan koyo yake jin ya zama zaki, ya ninka nisan da yake yi, ƙwauri ya fara zafi. Da zai tambaya, da an ce masa ya sassauta, ya riƙa hutun kwana ɗaya tsakanin gudu da gudu. Tun da ya koyi cewa tambaya na jawo dariya, sai ya cije, har zafin ya kai shi ga tsagewar ƙashi.

Amsar da aka jefar ba tare da tunani ba ita ma tana da nata haɗarin. Ɗauki maganar ruwa. A tseren yada ƙanin wani na birnin Boston a Amurka, a 2002, likitoci sun ɗebi jinin masu tsere 488 a wurin ƙarewa, suka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙima. Babban dalili shi ne sun sha ruwa fiye da abin da jikinsu ya fitar, kuma abin ya fi kama waɗanda suka haura awa huɗu a kan hanya, wato marasa sauri. Wata matashiya mai shekara 28 ta faɗi a tseren wannan shekarar, daga baya ta rasu sanadiyyar haka. A nan gida, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Kano da Yamai, ƙishirwa da bugun rana su ne barazanar farko. Duk da haka "sha ruwa da yawa" ba cikakkiyar amsa ba ce. Sai ka tambayi mutum nisan da yake yi, da ƙarfe nawa yake fita, da yawan guminsa. Mai gaggawar sallamar ɗan koyo ba shi da lokacin waɗannan tambayoyin.

Bari in ba ku labarin da na fi so a tarihin wannan wasa. A ƙarshen 1962 wani mai horarwa Ba'amurke, Bill Bowerman na Jami'ar Oregon, ya kai 'yan wasansa ƙasar Niyuzilan. A can ya sadu da Arthur Lydiard, wanda almajiransa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinariya a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Lydiard yana da wata ƙungiya a birnin Auckland wadda ba ta zakaru ba ce: magidanta ne da dattawa, wasunsu ma masu ciwon zuciya, suna haɗuwa su yi sassarfa a hankali. Ya gayyaci baƙon nasa su fita tare. Bowerman, mai shekara 51, wanda aikinsa ke nan koya wa mutane gudu, ya ɗauka abin wasa ne. Ba a yi nisa ba hawa ya tare shi, numfashi ya ƙare, kowa ya wuce ya bar shi. Mutum ɗaya ne ya rage gudu ya tsaya tare da shi, wani dattijo da ya haura saba'in, wanda ciwon zuciya ya taɓa kayar da shi. Ya jera da shi har suka koma.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Bowerman ya koma garin Eugene ya fara tara mutanen gari, maza da mata, yana koya musu sassarfa. Shi da wani likitan zuciya suka rubuta ɗan littafi a kan abin, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da suka fitar da Amurkawa kan titi suna gudu. Wannan Bowerman ɗin shi ne ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin Nike. Ba na cewa duk wanda ka jira zai zama Bowerman. Mafi yawansu za su zama mutane ne kawai masu sauƙin hawan jini, kuma hakan ya isa. Abin da nake nunawa shi ne dattijon nan bai yi lacca ba, bai nuna gwaninta ba. Saurinsa ya rage zuwa na wanda aka bari a baya, kuma duk mai amsa tambayar ɗan koyo abin da ake nema gare shi ke nan.

Wasu sun ɗauki wannan hali sun mayar da shi tsari, don kada ya dogara ga sa'ar haɗuwa da mutumin kirki. A 1996 wani Ba'amurke, Josh Clark, ya rubuta wa mahaifiyarsa jadawalin fara gudu, wanda yau aka sani da Couch to 5K, har hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauke shi tana tallata wa jama'a. Mako tara ne, sau uku a mako. A makon farko ana gudun daƙiƙa 60, a yi tafiyar daƙiƙa 90, a maimaita. A na ƙarshe mutum yana iya minti 30 bai tsaya ba. Jadawalin ya amsa tambayar nan mai nauyin faɗa tun kafin a yi ta: e, tafiya a tsakiyar gudu halal ce, tana ma cikin aikin. Sai kuma parkrun, wanda Paul Sinton-Hewitt ya fara a dandalin Bushy da ke Landan a watan Oktoba na 2004, da masu gudu 13, a lokacin da shi kansa rauni ya hana shi gudu. Kilomita 5 ne kowace safiyar Asabar, kyauta, kuma yau ana yi a ƙasashe fiye da ashirin, har da Afirka ta Kudu. A kowane taro akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya taho a bayan kowa, saboda kada wani baƙo ya zama na ƙarshe. Ban san wata dabara mai arha kamar wannan ba, kuma babu abin da zai hana masu haɗuwa a filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna ko na Ƙofar Mata a Kano su ara.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na ce a riƙa yi wa ɗan koyo daɗin baki. In mutum bai taɓa gama kilomita biyar ba ya ce zai shiga tseren Legas wata mai zuwa, wanda ya ce masa "kai dai sa a ranka za ka iya" ya cuce shi. In ya ce ƙirjinsa na matsewa ko jiri na ɗibarsa in ya hau tudu, amsar ɗaya ce: tsaya, je ka ga likita. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya sa dubban mutane fara gudu, a kan hanya ya faɗi ya rasu a 1984 yana da shekara 52, jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, kuma mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya ɗauke shi da ƙuruciya. Haka mai ciwon suga da ya tambaye ka gudu da azumi. Kana iya faɗa masa abin da masu lafiya ke yi, wato su sassauta, su fita dab da shan ruwa ko bayan asham, amma nasa hukuncin yana hannun likitansa. "Ban sani ba" amsa ce mai daraja, sai dai gwanaye ba su cika son ta ba.

Misalin a'a mai kyau yana cikin labarin Kathrine Switzer. Tana ɗaliba a Jami'ar Syracuse, wani tsohon ɗan tsere mai raba wasiƙu a jami'ar, Arnie Briggs, yake raka ta atisaye. Da ta ce tana son shiga tseren Boston, sai ya ce nisan ya fi ƙarfin mace. Kuskure ne, amma bai rufe ƙofa ba: ya ce in ta nuna masa a atisaye, shi zai kai ta. Ta nuna, ya cika alkawari. A 1967 ta shiga da lamba 261, wani jami'in tseren ya yi yunƙurin fizge lambar daga jikinta, ta ƙi tsayawa har ta gama. Sai a 1972 aka buɗe wa mata tseren a hukumance. Na kawo wannan ne saboda 'yan'uwanmu mata su suka fi shan gatse in sun tambaya, ko a kan suturar da za su sa, ko a kan wurin da za su yi gudu cikin natsuwa. Mai yi musu gatsen ya manta cewa ya zo a hadisi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata.

Na san ƙorafin tsofaffin hannu, kuma yana da ƙamshin gaskiya. Suna cewa sun fito ne su yi nasu atisayen, ba wanda ke biyansu, tambayar ɗaya ce kullum, wani ma in ka ba shi shawara ba zai bi ba, jibi ya dawo yana ɗingishi. Haka ne. Amma gardin da ke biya wa ƙolo karatu a tsangaya ya maimaita baƙaƙen nan sau ba adadi, kuma bai taɓa ɗaukar maimaitawar a matsayin laifin yaron ba, domin ga yaron yau ne karon farko. Wanda ya gaji yana da damar ya ce, "Yau ina sauri, ga wane can, ya fi ni sanin wannan." Ba a buƙatar kowa ya zama malami. Abin da ƙungiya ke buƙata shi ne a raba nauyin: wannan makon wane ne zai tarbi baƙi ya jera da su, mako mai zuwa wani. Kuma na lura wanda ya fara gudu bara yakan fi zakaran ƙungiya iya wannan aiki, don bai manta zafin ƙwauri ba tukuna.

Tun da na ambaci kambas ɗin gwanjo a cikin tambayoyin, bari in amsa ta kafin in zauna, don na san akwai mai son ji. Za a ce maka Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Gaskiya ne, amma ƙafarsa ta daɗe da sabawa da hakan, taka ba ta saba ba, kuma titunanmu akwai ƙusa da fasasshiyar kwalba. Wani kuma zai ce sai ka sayi na dubban ɗaruruwa. Shi ma ba dole ba ne. Ka juya takalmin ka duba ƙasansa, in bai cinye ta gefe ɗaya ba, ka sa shi da safa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tabbata akwai sararin faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. In bai matse ka ba, bai kuma zame a dunduniya ba, zai kai ka makonni taran nan lafiya lau.