Allah Ne Ya Halicce Mu, Ko Daga Biri Muka Fito?

 Ka ɗan ajiye mudu mu yi magana.

Kwanakin baya wani dattijo mai sayar da hatsi ya zo wurina bayan sujada, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, zan fitar da yarona daga makaranta." Na ce, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce yaron ya komo hutu yana cewa an koya musu mutum daga biri ya fito. Yanzu ya daina zuwa sujada, wai littafin Farawa tatsuniya ne. Uban yana tsammani tilas ya zaɓi ɗaya, ko karatun ɗansa ko bangaskiyarsa. Yaron ma haka ya ɗauka. Ni kuwa na ga su biyun kuskure ɗaya suka yi.

Bari mu fara da abin da aka koya wa yaron. Wani Bature mutumin Ingila, sunansa Darwin, ya shiga jirgin ruwa a 1831, ya yi shekara 5 yana zaga duniya, yana duban tsuntsaye da dabbobi da duwatsu. A 1859 ya fitar da littafinsa a kan asalin ire-iren halittu. Ga abin da ya ce a taƙaice. 'Ya'ya suna kama da iyayensu, amma ba su zama daidai da su sarai. Waɗanda halinsu ya dace da wurin da su ke, su ne su kan rayu su hayayyafa. In zamani ya yi tsawo ƙwarai, iri ya kan sauya, har ya rabu biyu.

Kai mai hatsi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Da kaka manomi ya kan ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri. Masu bincike sun ce geron da ka ke aunawa daga ciyawar daji ya fito, kakanninmu na bakin hamada suka yi ta zaɓe fiye da shekara 4,000 har ya zama abin da ya ke yau. Ka taɓa jin manomi ya ce, tun da shi ya zaɓi iri, ba Allah ne ya ba shi gero ba? Ko kaɗan. Da ya cika rumbu, Allah ya ke yi wa godiya.

Ka tuna kuma da kulorokwin. A zamanin iyayenmu shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Amma cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin bai kashe su ba. Su suka rage, su suka yi yawa. Wajen 1978 aka fara ganin haka a gabashin Afirka, bayan shekara ta 2000 kuwa ƙasashenmu suka bar shi suka koma wa sababbin magunguna. Wannan ita ce sauyawar halittu, ta faru a idonmu.

Ƙasa ma tana da nata shaida. A Gadufawa, cikin hamada kudu maso gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan wani kada wanda tsawonsa ya fi mita 9, an kuwa lissafta ya rayu kamar shekara miliyan 110 da suka wuce. Wanda ya je gidan kayan tarihi na Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. A 2001 kuma, a hamadar Jurab ta ƙasar Cadi, aka sami wani ƙoƙon kai da aka sa wa suna Tumai, mai kamar shekara miliyan 7. Masana suna gardama a kan matsayinsa cikin danginmu. Amma ƙashin yana nan, ba wanda ya sassaƙa shi.

Batun biri fa? Yaron bai ji da kyau ba. Masana ba su ce birin da ke ɓarna a gonarka kakanka ne ba. Cewa suka yi jikin mutum da na manyan birai tushensu ɗaya ne can da nisa, sa'an nan kowa ya kama hanyarsa. In wannan ya yi maka ƙasƙanci, ka tuna littafin Farawa ya ce daga turɓaya aka yi mu. Turɓaya ba ta fi biri daraja ba. Darajar mutum daga numfashin da Allah ya hura masa ta ke, da kamannin Allah da aka yi shi a ciki.

To, kila za ka ce, "Ai an rubuta kwana shida." Gaskiya ne. Amma ka buɗe sura ta fari ka karanta a hankali. Sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata. Kwana ukun farko, da me aka auna su? Ba 'yan makarantar yau suka fara wannan tambaya ba. Agustin, babban malamin ikilisiya a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a 430, ya yi ta tunani a kanta. Ya kuma gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗin abin da ba su sani ba game da sama da ƙasa, suna cewa Littafi Mai Tsarki ne ya faɗa. Gama wanda ya san abin zai yi dariya, ya ƙi jin sauran maganar, har da ta ceto. Abin da ya sami ɗan dattijon nan ke nan.

Masu bi da yawa sun riƙe biyun tare. Mendel, wanda ya gano yadda 'ya'ya su ke gādon halin iyaye, limamin Kirista ne, a lambun gidan ibada ya yi gwajinsa da wani irin wake, ya fitar da shi a 1866. A 1950 Paparoma Fiyus na 12 ya ce ba a hana bincike a kan asalin jikin mutum ba, amma rai Allah da kansa ne ke halittarsa. Akwai kuma 'yan'uwa masu tsoron Allah da su ke riƙe da kwana shida irin namu. Ban yarda da lissafinsu ba, amma ba na kiransu jahilai, su ma kada su kira ni kafiri.

Ba zan ɓoye maka wurin da ya fi wuya ba. A 1954 aka tabbatar cewa wanda ya gāji sikila daga ɗaya cikin iyayensa yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen sauro. Amma yaron da ya gāje ta daga uwa da uba, wahala ce tun yana goye. Na zauna a gefen tabarmar irin wannan yaro da dare. Ilimi ya gaya mini yadda abin ya zo, ya kuma ce a gwada jini kafin aure, wannan shawara ce mai kyau, ka bi ta. Amma da uwar ta tambaye ni don me, ba Darwin na buɗe mata ba. Na gaya mata labarin Yesu Almasihu, wanda ya ɗauki irin wannan jiki namu, ya sha azaba a cikinsa, ya mutu, ya tashi.

Na roƙi dattijon ya bar yaron a makaranta, ya turo mini shi da littattafansa. Ya zo ran Laraba da la'asar. Muka shimfiɗa littafin makaranta da littafin Farawa a tabarma ɗaya, muka karanta har magariba. Bai komo sujada ba tukuna. Amma ya ce zai sāke zuwa, yana da tambaya a kan Adamu da Hawwa'u, ita ce kuwa za mu ɗauka a magana ta gaba, in Ubangiji ya yarda.