Tantanin Budurci: Abin da Muka Gada da Abin da Ilimi Ya Tabbatar

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Maganar da aka ɗora mini a yau mai nauyi ce a bakin Bahaushe, don haka ina neman afuwar manya tun kafin in fara. Kunya ado ce, amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhu ne ake sakin amarya kwana biyu da ɗaura aure, ake raba zumuncin gidaje biyu, ake liƙa wa 'yar mutane tambarin da za ta mutu da shi, alhali ba ta aikata komai ba. Duk wannan yana faruwa ne saboda wata 'yar fata da ake kira tantanin budurci, wadda yawancinmu muka ji labarinta a bakin tsofaffi, ba mu taɓa jin bayaninta daga masana ba.

Mene ne wannan tantani?

Tantanin budurci wata 'yar siririyar fata ce mai laushi da ke kewaye da bakin farjin mace. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar marfin da ya toshe ƙofa, wanda sai an fasa shi za a wuce. Likitoci sun nuna cewa a jikin kusan kowace yarinya akwai kafa a cikinsa tun daga haihuwa, kuma ta wannan kafa ce jinin al'ada yake fita kowane wata. Da a toshe yake, ta ina budurwa za ta yi haila? Siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kamar yadda kunne da hanci suka bambanta: na wata kamar zobe, na wata kamar jinjirin wata, na wata ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan yarinya ta balaga, sinadaran jikinta sukan sa shi ya ƙara kauri da taushi, ya riƙa miƙewa kamar roba. Saboda haka yana iya buɗewa a lokacin saduwa ba tare da ya yage ba.

Batun jinin daren farko

Camfi mafi girma shi ne cewa dole budurwa ta zubar da jini a daren farko. A kan wannan aka gina al'adar shimfiɗa farin ƙyalle da kai shi ga iyaye da safe, da kyautar da ango kan yi idan ya gamsu, da wulaƙancin da kan biyo baya idan bai gamsu ba. Gaskiyar magana ita ce, jijiyoyin jini kaɗan ne a cikin wannan tantani, kuma mata masu yawa ba sa ganin ko ɗigo a saduwarsu ta farko. Inda aka ga jini da yawa, galibi rauni ne aka ji wa amarya a bangon farji saboda tsoro, da bushewar gaba, da gaggawar ango. Ashe ke nan abin da muke yi wa guɗa sau da yawa shaidar rashin tausayin namiji ce. Ga kuma wani abin lura: a yau ana sayar da magungunan matsi da wasu ƙwayoyi masu fitar da jan ruwa, wasu ma har alif ɗin tace ruwa suke cusawa. Wadda ta san hanya za ta ci wannan jarrabawa, kamilar da ba ta san komai ba ta faɗi. Mizanin da ke wanke mai laifi ya kama marar laifi bai cancanci a yanke hukunci da shi ba.

Ko likita yana iya ganewa?

Wasu iyaye da angwaye, musamman mu na birni, sukan ce a kai yarinya asibiti a duba ta. A shekarar 2004 wasu likitoci a Amurka sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan 'yan mata 36 waɗanda dukkansu sun ɗauki ciki. Biyu kacal daga cikinsu aka ga tabbatacciyar alamar saduwa a tantaninsu. Idan ƙwararru sun duba masu ciki ba su ga alama ba, me ungozoma ko tsohuwar unguwa za ta gani? A watan Oktoba na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da sanarwar cewa gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya, kuma suka nemi a daina shi. Faransa ta hana likitoci ba da takardar shaidar budurci a 2021, Ingila kuma ta mai da gwajin laifi a 2022. Haka nan maganar gane budurwa ta hanyar tafiyarta, ko ƙirjinta, ko faɗin ƙugunta, duk shaci-faɗi ne. Waɗannan abubuwa gado da abinci da shekaru ne suke tsara su.

Wannan bayani yana da wani gefe da ya kamata iyaye su riƙe. Idan yarinya ta ce an yi mata fyaɗe, kada a ƙaryata ta don an duba an ga tantaninta kamar ba a taɓa shi ba, domin yana miƙewa, kuma ƙaramin rauni a wurin yana warkewa cikin 'yan kwanaki. A gaggauta kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki.

Keke, guje-guje da tsalle-tsalle

A shekarun da na yi ina shugabancin makaranta, iyaye sukan zo su roƙi a cire 'ya'yansu mata daga wasannin motsa jiki, don kada budurcinsu ya zube. Babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da ke nuna cewa gudu, ko tsalle, ko hawan keke suna lalata tantani. Abin da kan iya ji masa rauni shi ne mummunar faɗuwa a kan wani abu mai tsini. Ko a nan ma malamanmu na fiƙihu sun riga mu: a littattafan Malikiyya irin su Muhtasar, yarinyar da tantaninta ya gushe ta hanyar haɗari tana nan a hukuncin budurwa a babin aure. Wato tun ƙarnoni da suka wuce sun fahimci cewa budurci yana nufin rashin saduwa da namiji, fata kuwa tana iya canzawa saboda wasu dalilai.

Lokacin da ake bukatar likita da gaske

Akwai yaran da ake haifa da tantani a toshe gaba ɗaya, kamar ɗaya a cikin 1,000 zuwa 2,000. Irin wannan yarinya takan kai shekarun balaga ba ta ga al'ada ba, ta riƙa fama da ciwon mara kowane wata, wani lokaci mararta ta kumbura saboda jinin da ya taru a ciki, har fitsari ya riƙa yi mata wuya. Ku dubi haɗarin: ba al'ada, ga ciki ya taso, sai a fara tuhumarta da cikin shege. Maganinsa ƙaramin aiki ne da likitan mata zai yi a asibiti.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne askar wanzami. Cire angurya da ake yi wa jarirai mata a makon haihuwa yankan wannan tantani ne da naman da ke kewaye da shi, ba tare da wata cuta ba. Yankan gishiri da ake yi wa amaryar da ta kasa kwanciya da miji, ko mai naƙuda, yana iya huda mafitsara, ya jawo yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce babbar sanadin wannan ciwo, amma likitocin cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina sun daɗe suna karɓar matan da aska ta nakasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya angurya da gishiri cikin nau'o'in kaciyar mata, kuma dokar hana cin zarafin jama'a da Gwamnatin Tarayya ta zartar a 2015 ta haramta kaciyar mata. Amaryar da jikinta ke ɗaurewa saboda tsoro ko zafi tana bukatar haƙurin miji da shawarar likita.

Kira ga 'yan'uwa

Kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya sassauta maganar tarbiyya. Kamun kai wajibi ne a kan mace da namiji baki ɗaya, ko da yake ban taɓa jin an shimfiɗa wa ango ƙyalle ba. Addininmu ya tsananta a kan zina, ya kuma tsananta a kan ƙazafi: Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Ba a ambaci ƙyalle ko jini cikin shaidun ba. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Don haka ina ba da shawarwari huɗu. Iyaye maza da waliyyai su zauna da samarinsu kafin aure su yi musu wannan bayani, su hore su da tausasawa. Iyaye mata da gwaggwanni su daina tambayar ƙyalle, su daina cusa wa amare magungunan da ba a san haɗinsu ba. Duk yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba a kai ta asibiti. Ita kuma ƙungiya ta gayyaci likitocinmu mata da ma'aikatan jinya 'yan asalin garin nan, su riƙa zama da mata da wanzamai da ungozomomi duk lokacin da muka dawo gida hutun salla.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare mutuncin 'ya'yanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.